Jika Talatin Ɗin Yaya

Ranar sunan ɗiyata ta biyu aka ɗora mini bashin da ban roƙa ba, kuma da guɗa aka ɗora mini shi.

Bayan la'asar ne, a tsakar gidan da muke haya a Dakoro. Mata sun cika tabarmi har bakin zaure, an ci an sha, an zo wajen biki. Baƙon da bai san mu ba zai ɗauka kyauta ake yi: kowace mace ta kwance bakin zane ta miƙa abin da ta kawo, maroƙiya ta ɗaga kuɗin sama ta faɗi mai su da adadinsu, a rangaɗa guɗa, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu. Mu kuwa mun san ba kyauta ba ce. Abin da mace ta ba ki yau, ranar da sha'ani ya same ta ninkinsa za ki mayar. In abin ya hau ya yi nauyi, ku biyu ku zauna ku sauko da shi, ku sake farawa daga ƙasa. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a mayar wa mace daidai abin da ta bayar, ba ɗori. Wadda ta yi haka ta ce na yanke ke nan, ba ni ba ke, kuma a gaban jama'a ta faɗa.

Ni ce mai rubuta kayen biki a unguwarmu tun ina budurwa, don ni ce na yi lakwal, wato makarantar boko. Ran nan da yake sha'anin nawa ne, wata abokiyar aikina ta riƙe bik, wato biro, ni ina zaune da jaririya a cinya ina lissafi a zuci. Aka kira dala ɗari, wato rabin jika, jika kuwa sefa dubu ce, in ce zan mayar da jika. Aka kira jika, in ce biyu. Duk abin da aka faɗa ina ninka shi a kaina, kuma har wajen ƙarshe ban ji abin da ya fi ƙarfina ba.

Sai Yaya ta gyara zama.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara tara. Mijinta fataucin shanu yake yi, yana sayowa daga wajen Azagor yana kaiwa kudu, gidansu na siminti ne da ƙofar ƙarfe. Tana sane ta bari kowa ya gama. Ta yafito maroƙiya da yatsa, ta zaro kuɗi daga cikin riga, ta miƙa tana kallon wani wuri kamar ba ita ba. Maroƙiya ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta miƙe tsaye.

"Jikka talatin! Jama'a ku ji, jikka talatin daga yayar mai jego! Wagga ita ce ƴar'uwa!"

Sau uku ta faɗa. Guɗa ta tashi har jaririyar ta firgita ta fashe da kuka. Mata suna taɓa ni suna cewa na yi dacen ƴar'uwa, ni kuwa ina murmushi haƙorana a cije. Domin kowa a wurin ya san an riga an kai kuɗin auren babbar ɗiyar Yaya, an ce sai bayan kaka mai zuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan. Cikin wata goma sha ɗaya in nemo jika sittin, ko kuwa in yanke da yayata a gaban mutane. Hanya ta uku ban gan ta ba a lokacin.

Malamar kwantaragi ce ni a lakwal ta firamare. Mutanen gari suna ce mana Madam, suna ganinmu da jaka a kafaɗa, suna zaton kuɗi muke takawa. Abin da ake ba ni a wata bai cika jika tamanin ba, kuma ba ranar da aka san zai zo. Wani lokaci wata ya mutu, wani ya tsaya shi ma ya mutu, muna ta leƙen banki. Maigidana tela ne a bakin kasuwa, mutumin kirki, sai dai kekensa ba ya kuka sosai sai gab da salla. Jika talatin ɗin kuwa ba su kwana uku a hannuna ba. Ragon suna da aka ɗauko bashi ya cinye fiye da rabi, sauran mai kanti ya karɓe. Ko ɗankwali ban saya da su ba.

Da na yi arba'in na koma aiki, na ɗauko wani tsohon kaye na shirin darasi, na juya bayansa na ja layi. Haya jika goma sha biyu. Hatsi tiya kaza. Ruwa bido huɗu, wato jarka huɗu, kullum daga ɗan garuwa. Cefane, itace, sabulu, kuɗin kabu-kabu zuwa lakwal, jika uku na Inna mahaifiyarmu da ban taɓa fasawa ba, da ƙananan bukukuwan da zan mayar wa sauran mata. Ga ragowar bashin mai kanti, jika goma sha takwas, wanda ya taru a watannin da ba a biya mu ba. Na haɗa na cire, na sake haɗawa, abin da ya rage mini a wata jika biyu da rabi. Yaran ajina ma za su iya wannan lissafin: biyu da rabi sau goma bai kai talatin ba, balle sittin. Na rufe kayen na nemi zagin da zan yi wa Yaya ni kaɗai a ɗaki, na rasa, don duk wanda na ɗauko sai in ga a kan uwata ko ubana zai sauka.

Daga nan na shiga yanka. Kabu-kabu na fara yankewa, na riƙa goya jaririya ina takawa cikin rairayi, in isa aji gumi ya jiƙe mini baya. Shayin safe ya rabu da madara, daga baya ya rabu da burodi, ƙarshe muka koma kunu. Nama daga sau biyu a mako ya koma ranar kasuwa kaɗai, sannan ya koma ƙashi, sannan ya koma labari. Babbar ɗiyata, tana da shekara biyar lokacin, ta taɓa tsoma hannu cikin miya ta laluba ta laluba, ta ɗago ta tambaye ni ko naman narkewa ya yi. Na rage wa ɗan garuwa bido biyu, na riƙa bin layin famfo da kaina kafin in tafi aiki, ni Madam guda, ina cacar baki da matan unguwa kan wa ya riga wa ajiye bido. Waya kuwa na daina sa mata kiredi, sai dai in yi wa mutum bip, in yana da buƙata ya kira.

Na kai gwangwanin madara wajen mai walda, ya liƙe murfin ya tsaga masa baki. Na kafa wa kaina doka: in kuɗin wata suka zo, haya tukuna, sai jika biyu ga mai kanti don kada ya rufe mini shafi, sai hatsi, sai gwangwani. Abin da ya saura shi za a ci, in bai saura ba a sha kunu. Maigidana ya ce na mayar da gida gidan kaso. Na ce masa in yana da jika sittin ya ajiye a nan, gobe in dafa masa shinkafa da kaza. Daga ran nan ya daina kawo abokansa cin abinci.

Ba na ɓoyewa, na tsani yayata a watannin nan. Duk abin da na hana kaina, da sunanta nake hanawa. In na wuce mai tsire na haɗiye miyau, ita ce. In takalmina ya tsinke na kai a ɗinke karo na uku, ita ce. Na tabbata a raina da gangan ta yi, ta duba duk dangi ta zaɓi wadda za ta durƙusar, don a ga matar mai shanu ta fi mai boko. Tun muna yara haka take, in ta ba ki abu sai makwabta sun ji.

Akwai wani suna da muka haɗu a tsakiyar shekarar, ina rubuta kaye tana zaune kusa da ni. Ta kama gefen zanena da yatsa biyu ta ce, da ƙarfi yadda layi uku za su ji, "Auta, zanen ga bai gaji ba? Matar tela guda!" Aka yi dariya, har da ni, don ba yadda zan yi. Da aka zo kanta sai ta miƙa dala ɗari. Na rubuta dala ɗari ina ji kamar in karya bik ɗin. Wato ga kowa dala ɗari, ni kaɗai ce ta ga dama ta danne da talatin. Ban yi wa abin wata fassara ba sai wannan.

Da bazara aka yi wata biyu ba a biya mu ba, bashin mai kanti da na sauko da shi zuwa jika goma ya sake hawa. Da damina ta sauka zazzaɓi ya kama jaririyar, jikinta kamar garwashi. A gidan likita aka rubuto mini ardanas, takardar magani mai layi huɗu, aka ce maganin sai farmasi. Na sa wuƙa da dutse na farke gwangwanin. Jika goma sha tara na tarar, na ɗebi bakwai. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi, amma da na zauna na dubi gwangwanin nan a wangale, na san sittin ta fi ƙarfina ko da zan daina cin abinci gaba ɗaya.

Tunda al'ada ta yarda a sauko da biki in ya yi nauyi, na haɗiye girman kaina na tafi gidanta wata safiya cikin hutun damina. Na tarar da ita tana tankaɗe a gindin itacen bedi. Turakun awakinta biyu babu komai a kansu, na ɗauka an kai su daji kiwo kamar yadda ake yi in an yi shuka. Ta turo mini kujera ƴar tsugunne da ƙafa.

"Auta, yau kin tuna da mu? Zamna. Ƙaƙa jikin ɗiyar?"

Auta take ce mini tun ina goye a bayanta, ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Da sauƙi. Yaya, maganar bikin nan ta kawo ni. Ya yi mini nauyi. Mu sauko da shi, in kawo miki arba'in, ko talatin da biyat."

Ba ta ɗago ba. "Nauyi? Ke da gwamnati ka ba kuɗɗi duk wata?"

"Wata biyu munka yi ba a ba mu ko dala ba. Ɗiyata ta kwanta, gwangwanin ajiyata na hwasa."

"Ni wane wata anka taɓa biyana?" Ta dire rariya a kan ƙwarya. "Sadda anka kai ki lakwal, ni ina anka kai ni? Rijiya. Gaba talatin ina jan guga, ke kina can inuwa kina waƙa da Faransanci. Kayenki na hwarko, da kuɗɗin hurar da na tallata anka saye shi. Dibi hannun ga."

Ta miƙo mini tafukanta. Na san hannun, na san kantar da igiya ta bari a kansu. Na san kuma gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara hasala.

"To ashe ba biki kinka kawo mini ba, kuɗɗin rijiya kinka zo amsa. Da kin hwaɗi tun hwarko sai a yi lissahi, a san guga nawa ne."

"Lissahi ai naku ne, masu bik." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. "Kira shi abin da kike so, Auta. Ni dai gaban mutane na ba ki, gaban mutane nike jiranki."

Na tashi ko sallama ban yi ba.

Hanyoyin samun sauran kuɗin a buɗe suke, kuma duk na san inda suke ƙarewa. Banki yana ba ma'aikata rance, ya riƙa yanka a kuɗin wata tun kafin ki gan su. Akwai wani malami, mushe kamar yadda muke ce musu, a lakwal ɗinmu da ya shiga shekara uku kafin nan, har lokacin rabin albashi yake ɗauka, rigarsa ta aiki guda ce. Mai kanti ya ja ni gefe ya ce zai ba ni talatin in mayar da arba'in da biyar cikin wata uku, irin rancen da manoma ke kira a-ci-ba-daɗi. Maigidana da ya ga na rame ya ce a jinginar da kekensa. Na ce in aka jinginar da keken me zai taka, iska? Inna kuwa, da na kai mata jika ukunta na zazzage mata ƙorafi, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ki nemo ki ba ta. Ki dai nemo." Na ce Inna kullum bayan babbar ɗiyarki kike. Ta kau da kai, ni kuma na ɗauka na kama ta ne.

A hanyar dawowa daga wurin Inna na yanke shawara. Ba zan ci sabon bashi in biya bashin da ban roƙa ba. Abin da gwangwani ya tara, shi zan kai.

Na sa aka liƙe mini wani gwangwanin. Sauran hutun na yi shi ina koya wa ƴaƴan wani ma'aikaci karatu a gidansu, ana ba ni ɗan abin da ya samu. Da aka koma lakwal aka biya mu watannin baya a haɗe. Kaka ta yi, hatsi ya sauko. Na je kanti na biya jika ta ƙarshe, na tsaya a kan mutumin sai da ya ja layi biyu a shafina, sannan na ce ya yage shi ya ba ni. Ya yi dariya ya ce, "Madam, ba a yarda da mu ba ne?" Na ce eh. Tun da na fara aiki, ran nan ne na fara wucewa ta gaban kantin ban ƙara sauri ba.

Safiyar ranar bikin na farke gwangwani na zazzage a kan gado. Jika talatin da ɗaya.

A kan wannan jika ɗayar komai ya tsaya. Da na kai talatin da ɗaya, da an ce Madam ta gaza, a yi gulmata mako biyu, a ce ashe boko ba kuɗi, amma zumunci yana nan. Ko dala ɗari aka ɗora a kan abin da aka karɓa, an nuna ana so a ci gaba. Na san wannan sarai, ni da na cika kayen biki ban san iyaka ba. Na zauna a bakin gado ina kallon kuɗin. Na tuna layin famfo, na tuna yarinya tana laluben nama a miya, na tuna "gaban mutane nike jiranki". Na zare jika ɗaya. Na fita da kaina zuwa wurin mahauci na ce ya yanka mini na jika guda cif, na dawo na soya, muka ci da hantsi ni da ɗiyata da maigidana, har muna suɗe yatsu. Ya tambaye ni yau wace rana ce, na ce ranar biyan bashi.

Gidan Yaya ya cika da la'asar. Amarya tana ɗaki da ƙawayenta ana ta shewa; ɗiya ce da na yi wa kitso tun tana ƙarama, ta kuwa samu wanda take so. Ina shiga aka miƙo mini kaye da bik kamar kullum. Na zauna kusa da Yaya ina rubutawa, na lura tana satar kallon jakata. Ni ma na bari kowa ya gama, yadda ta yi mini.

Maroƙiyar dai ita ce ta ranar suna. Ta ƙirga, ta lashi yatsa ta sake ƙirgawa, sannan ta sunkuyo kunnena.

"Madam, diba jakka, ko wata ta maƙale."

"Ba abin da ya maƙale. Hwaɗi abin da kinka gani."

"Ɗiyata, talatin ne cif. Ko dala ɗari ki ɗora. In babu, ni in ranta miki."

"Na gama da rance. Hwaɗi."

Ta miƙe kamar mai ciwon baya. "Jikka talatin, daga ƙanwar uwar amarya." Sau ɗaya ta faɗa, muryar a ƙasa. Wata baƙuwa daga Korahane da ba ta san zancen ba ta soma guɗa, aka zungure ta ta haɗiye. Tsakar gidan ya yi tsit, sai shewar ƙawayen amarya daga ɗaki. Yaya ta karɓi kuɗin ba ta ƙirga ba. Ta dube ni, na dube ta, ban sunkuyar da kai ba. Wata goma sha ɗaya na yi ina jiran wannan kallon, kuma gaskiya a lokacin daɗi na ji. Ta nuna kayen da haɓa ta ce, "A rubuta." Na rubuta da hannuna.

Kwana uku ina tafiya kamar an sauke mini dami daga ka. Ran na huɗu na leƙa Inna. Ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba ba.

"Kin ga gadon da anka kai amarya da shi?"

Na ce na ga wani gadon ƙarfe an shafa masa shuɗin fenti.

"Na yayarki ne. Wanda anka kai ta da shi. Tabarma take kwana yanzu."

Daga nan ta kwance mini zancen. Shekara biyu ke nan fataucin mijin ya karye. Shanun da ya ɗauko bashi sun zube masa a hanya a wata muguwar bazara, abin da ya rage masa babbar riga ce da ƙofar ƙarfe, kuma duk abin da ya gani a gidan kasuwa yake kai shi. Awaki biyun nan na Yaya ne na kanta. Ta san in suka ƙara wata guda a turke zai ja su, sai ta riga shi, ta sayar da su ana gobe sunan ɗiyata, ta kawo kuɗin inda hannunsa ba zai kai ba. A kan sittin ɗina ta yi wa kafinta alkawari ya haɗa wa amarya gado. Da bai ga kuɗi cikakku ba ya sayar wa wani, talatin ɗin suka tafi a katifa da kwanoni.

"Ajiya ta yi wurinki," in ji Inna. "Ta ce duk dangi ke ɗai ke da abin da ba ya mutuwa da bazara."

"To mi ya hana ta hwaɗa mini? Ke mi ya hana ki hwaɗa mini, Inna?"

"Ta sa na rantse. Ta ce gara ta mutu da ƙanwarta ta san mijinta ya karye."

Na fito daga ɗakin, kuma ba nadama ce ta fara zuwa ba, fushi ne. Ajiya! Wace irin ajiya ce ake ba mutum bai sani ba, a ce kuma ya ninka? Wa ya tambaye ni ko zan iya? Na je har gidanta na zubar da girmana, ta gwammace ta nuna mini kantar hannu da ta buɗe baki ta ce Auta na shiga uku. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, har yau ina ganin ta zalunce ni. Amma duk fushin nan bai iya rufe mini abu ɗaya ba. Talatin da ɗaya na zazzage a kan gado, kuma ba wanda ya zare ɗayar sai ni.

Da kuɗin wata suka zo na ware jika goma, karo na farko da na ware kuɗi ba don wani yana bina ba, na tafi gidanta. Tana gindin bedin nan. Tana ganina ta miƙe, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tabarmar baƙi ta shimfiɗa, ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, ta russuna ta ajiye a gabana.

"Sannu da zuwa, Madam. Ina gajiya? Ina aiki? Ƙaƙa maigidan, ƙaƙa yara?"

"Yaya, bar wannan. Inna ta gaya mini komi. Ga wagga ki riƙe, wata mai zuwa in ƙaro, mu sai gado."

Ta dubi kuɗin a kan tabarma, ta turo mini su da yatsa ɗaya.

"Ai ba ni binki komi, Madam. An rubuta."

Shekara huɗu ke nan. Ba mai bina ko dala a Dakoro. Ina biyan haya ranar da kuɗi suka zo, ina sayen hatsin shekara da kaka, mai kanti shi ke fara gaishe ni. Muna haɗuwa da ita a ɗakin Inna, a suna, a gaisuwar mutuwa, ta yi mini gaisuwa cikakkiya ba ta tsallake ko ɗaya, ta ce Madam. Bara na sake haihuwa, ta zo ta yi barka, ta tashi kafin a fara biki. Wani lokaci ji nake kamar in shaƙe ta. Wani lokaci kuma in na ji wata a bakin famfo ta ƙwala wa ƙanwarta kira, Auta, sai in waiga.

Tsohon kayen yana nan a ƙasan akwati, ban yar da shi ba. Ban taɓa kashe kuɗi a shekarar nan ban rubuta ba, don haka a shafin watan ƙarshe, ƙarƙashin haya da ruwa da hatsi, akwai layi guda da rubutuna: nama, jika ɗaya.